Rarar jaka goma a wata: asusun indeks ko tumakin layya?

Maman Hanifa (Yelwa, Garwa)
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani su taimaka mini. Ina aiki a kantin magani, kuma bayan na fitar da na cefane da na makarantar yara da zubin adashe, yakan rage mini kamar sefa 10,000 a wata, wani watan 15,000. A Orange Money nake barinsu, yau biki gobe suna, kafin wata ya raba sun tafi. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya ce in daina barinsu haka, in riƙa zubawa a abin da ake kira asusun indeks. Ya yi mini bayani a waya amma sauri yake yi. Mene ne shi? Halal ne? Kuma mai jaka goma tana da wuri a ciki, ko na masu miliyoyi ne?

Aminu (Duwala)
Wa alaikumus salam Yaya. Ki ɗauka kin shiga babbar kasuwar Garwa da kuɗinki, ba ki san wane ɗan kasuwa ne zai ci riba bana ba. Maimakon ki haɗa jari da mutum ɗaya, sai ki sa ɗan abu kaɗan a kowace rumfa, mai babbar rumfa ya karɓi kaso babba, mai ƙarama ya karɓi ƙarami. Wani zai karye, wani zai bunƙasa, ke kuma abin da kasuwar gaba ɗaya ta samu shi ne naki.

Indeks jerin sunayen kamfanoni ne. Wanda ya fi shahara shi ne S&P 500, manyan kamfanonin Amurka kusan 500, irin su Apple da Microsoft da Coca-Cola. Akwai MSCI World, wanda ya tattaro kamfanoni daga ƙasashe 23 masu arziki. Asusun yana karɓar kuɗin jama'a ya sayi hannun jarin duk kamfanonin da ke cikin jerin, ba ya zaɓe. Da yake babu wani gwani da ake biya don ya zaɓa, ladan da ake cirewa ƙanƙani ne. Wani Ba'amurke mai suna John Bogle ne ya fara buɗe wa talakawa irinsa a 1976, a kamfanin Vanguard. Wanda ake saye da sayarwa a kasuwa kamar hannun jari shi ake kira ETF, kuma shi ƙaninki yake nufi.

Alhaji Sale (Adumri)
Aminu, ni dai tambaya ɗaya. In ta zuba jaka goma yau, nawa za ta karɓa kafin babbar salla?

Aminu (Duwala)
Baba Alhaji, ba wanda ya sani. Tana iya samun 10,500, tana iya samun 8,000.

Alhaji Sale (Adumri)
To ka ji. 'Yata, tara kuɗinki wata huɗu ko biyar ki sayi ɗan rago. Dusa da harawa da ƙaiƙayi, ki ɗaure shi a bayan ɗaki. Ranar da layya ta matso ki kai shi kasuwa. Kina ganin abinki da ido, in ya yi tari kin ji, in ya ƙi cin abinci kin sani. Mu da iyayenmu da wannan muka yi aure muka je Makka. Kuɗin da ka tura wa wanda ba ka taɓa gani ba a ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba, in ya ɓata wa za ka kai ƙara gun Lamiɗo?

Hajiya Dije (Kusiri)
Alhaji ya faɗi gaskiya ta wani gefen. Amma haya take zaune ko gidan kanta? Mai gidan haya ba kowa ne zai yarda da rago a tsakar gida ba. Kuma mace mai fita aiki tun safe, wa zai yi masa yankan ciyawa? Ni na yi kiwo, na san wahalarsa. Ribar tana nan, sai dai rabinta ladan guminka ne.

Nura
Aunty ki bar duk wannan, akwai wani tsari da nake ciki, kashi 20 cikin 100 duk wata, kuma ana biya ta waya, ta MoMo. Ki yi mini magana ta gefe in tura miki hanyar shiga.

Hajiya Dije (Kusiri)
Nura, ka ji tsoron Allah. A layinmu kaɗai mata nawa irin wannan ya raba da sarƙoƙinsu. Wata uku na farko ana biya, har mace ta kawo ƙanwarta da kishiyarta, wata na huɗu wayar ta daina shiga. An yi MMM a Najeriya a 2016, aka rufe asusun mutane a watan Disamba ana gab da bukukuwa, kuma har yau ba a daina canza masa suna ana dawowa ba. Maman Hanifa, kar ki kula shi.

Mai kula da zaure
Nura, na goge saƙonka na biyu mai hanyar shiga. Ba a talla a nan.

Aminu (Duwala)
Wannan ma ya kawo mu ga abin da ya kamata Yaya ta ji tun yanzu. S&P 500, in aka duba tsawon tarihinsa, yana ba da kusan kashi 10 cikin 100 a shekara, a lissafin dala, kafin a cire hauhawar farashi. A shekara, ba a wata ba. Kuma wannan matsakaici ne, ba alkawari ba. A 2008 ya faɗi da kusan kashi 37. Daga ƙarshen 2007 zuwa Maris na 2009 ya zubar da fiye da rabin darajarsa, bai koma inda yake ba sai 2013. Lokacin korona a 2020 ya faɗi da kashi ɗaya cikin uku a makonni biyar, sannan ya farfaɗo a shekarar. Japan ta fi muni: indeks ɗinsu, wato ma'aunin Nikkei, ya kai ƙololuwa a ƙarshen 1989, bai sake taka wurin ba sai Fabrairun 2024.

Don haka kuɗin da za ki nema in yaro ya kwanta asibiti, ko na rajistar makaranta a Satumba, ba su da wuri a nan. Sai wanda za ki iya mantawa da shi shekara goma ko fiye.

Lissafi kuma ga shi, a ƙaddara kashi 7 a shekara. Jaka goma duk wata na shekara 10, kin zuba 1,200,000, zai kai wajen 1,730,000. In kika kai shekara 20, kin zuba 2,400,000, zai haura miliyan 5. Yawancin ribar a ƙarshen tafiya take zuwa, shi ya sa mai gaggawa ba ya ganinta.

Alhaji Sale (Adumri)
Shekara ashirin! Allah ya ba mu tsawon rai.

Malam Ibrahim (Domayo, Marwa)
Amin Alhaji. Bari in shigo kan tambayarta ta biyu, domin ita ce gaba da sauran. Sayen hannun jari asalinsa tarayya ce a cikin kasuwanci, riba tare hasara tare, kuma wannan ya halatta. Matsalar tana cikin abin da Aminu ya faɗa da bakinsa: asusun ba ya zaɓe. A cikin kamfanoni 500 ɗin nan akwai manyan bankuna masu ba da bashi da ruwa, akwai kamfanonin inshora, akwai masu giya da masu gidajen caca. Wanda ya sayi asusun ya zama yana da rabo a cikinsu, komai ƙanƙantarsa. Ni ba zan ce wa 'yar uwata ta shiga wannan ba.

Sai dai an yi wasu ma'aunai da aka tace. Kamfanin Dow Jones ya fitar da nasa indeks ɗin na Musulunci tun 1999, kuma MSCI da S&P duk suna da irinsa. Ana fara cire kamfanonin da sana'arsu haramun ce. Waɗanda suka rage sai a duba bashin da ke kansu. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ta ce bashi mai ruwa kada ya haura kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin, kuma abin da ke shigo masa ta hanyar da ba ta halatta ba kada ya wuce kashi 5. Wannan ɗan kason kuma ba a cinsa, mai hannun jari zai fitar da shi daga ribarsa ya bayar ga mabukata ba da niyyar lada ba. Malamai da yawa na wannan zamani sun yarda da haka saboda bukata. Akwai kuma waɗanda suka ce kamfanin da ke cin bashi da ruwa ko kaɗan ne a bar shi, kuma hujjarsu ba abar rainawa ba ce. Ki san da saɓanin kafin ki zaɓa.

Maman Hanifa (Yelwa, Garwa)
Allah ya gafarta Malam, na gode. To zakka fa?

Malam Ibrahim (Domayo, Marwa)
In dukiyarki gaba ɗaya, da wannan da sauran abin da kika ajiye, ta kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinariya, kuma shekara ta zagayo, akwai zakka, kashi 2.5 cikin 100. Yadda ake lissafa ta a kan hannun jarin da aka ajiye na dogon lokaci akwai bayani mai tsawo, in kin kusa kaiwa sai ki zauna da malami. Da jaka goma a wata akwai sauran tafiya.

Musa (Njamena)
Malam ya gama nasa. Ni kuma bari in faɗi abin da ƙaninki bai gaya miki ba, ba don ɓoyewa ba, don shi a Faransa yake. Can yana buɗe waya ya sayi na yuro 20 kafin shayinsa ya huce. Mu nan hanyar ita ce matsalar.

Na farko, kasuwar hannun jarinmu ta ƙasashen CEMAC shida na tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, wato BVMAC, tana Duwala tun da aka haɗe ta da ta Kamaru a 2019. Kamfanonin da ke cikinta ba su kai goma ba: SOCAPALM da SAFACAM masu manja, SEMC masu ruwan Tangui, La Régionale, da 'yan kaɗan daga Gabon da Gini Ikwatoriya. Wata rana ma ba a cinikin komai. Ba a gina irin asusun da Aminu ya kwatanta a kan kamfanoni 'yan ƙalilan haka. In kin je banki za su nuna miki wani asusun haɗakar jari da suke kira FCP, su ce ai shi ne. Ba shi ba ne. Yawancinsu takardun bashin gwamnati da na kamfanoni suke saye, wato ruwa ne ribarsu, sai ki koma ga maganar Malam.

Na biyu, tunda abin yana waje, dole kuɗin ya fita. Dokar canji ta CEMAC da aka yi a 2018 ta fara aiki a 2019, kuma tun daga nan fitar da kuɗi ya zama sai da takardu. Banki zai tambaye ki dalili da shaidar inda kika samo kuɗin, katin banki ma akwai iyakar abin da za ki biya da shi ta intanet. Ni na bi hanyar. Na cika takarda, aka ce in kawo shaidar albashi, na kawo, aka ce in kawo yarjejeniyar da ke tsakanina da dillalin hannun jarin da zan tura wa, na buga na kawo, sannan aka tura. Ya isa lafiya. Amma abin da aka cire, da ladan turawa da harajinsa da na bankin da ke tsakiya, bai damu da yawan kuɗin ba sosai. A ƙaddara 15,000 ne. Wanda ya tura miliyan ɗaya ya rasa kashi 1.5. Wadda ta tura 30,000 ta rasa rabi tun kafin ta sayi komai.

To amsar tambayarki ta uku: mai jaka goma tana da wuri, amma ba wata-wata ba. Sai ta tara ta tura sau ɗaya a shekara, ko ma sau ɗaya a shekara biyu.

Aminu (Duwala)
Musa ya taɓo inda ya fi muhimmanci. Duk hikimar asusun indeks a arhar lada take. Masu arha a Amurka suna cire wajen kashi 0.03 a shekara. Na Musulunci irin su SPUS da HLAL sun fi tsada, wajen rabin kashi ɗaya, duk da haka da sauƙi. Ga dalilin da ya sa nake nanatawa: miliyan ɗaya na shekara 20 a kashi 7, in ana cire 0.2 a shekara zai kai kusan 3,700,000, in ana cire 2 zai tsaya wajen 2,650,000. In hanyar tura kuɗi ta cinye abin da arhar ta ba ki, an yi aikin banza. Akwai kuma haraji: Amurka tana riƙe kashi 30 na ribar da kamfanoni ke rabawa ga irinmu, amma asusun da ke da rajista a Ayalan kashi 15 ake cire masa, shi ya sa mutanen waje suka fi sayen waɗannan.

Maman Hanifa (Yelwa, Garwa)
To in na riƙa ba ƙanena fa? Ko in ba Mama a nan abin da ya saba turo mata, shi kuma ya saya mini a can?

Hajiya Dije (Kusiri)
Hmm. Ƙanwata, ki yi tunani sosai. Ba na zargin ƙaninki, Allah ya shirya mana su. Amma yau ɗalibi ne, gobe zai yi aure, jibi haya ta matse shi. Shekara ashirin ake magana. Kuɗi da sunan wani, ko uwa ɗaya uba ɗaya, na ga yadda ya raba zumunci a gidanmu, har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa.

Malam Ibrahim (Domayo, Marwa)
Hajiya ta yi daidai. In har za a yi, a rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ce ban da 'yan uwa ba. Sannan ku duka masu ajiya a waya, ina roƙonku: wani amintacce ya san da ita. Rago in mai shi ya rasu kowa yana ganinsa a ɗaure, a sa shi cikin gado. Asusun da ke bayan lambar sirri, in ba wanda ya sani, haƙƙin marayu ne zai salwanta.

Musa (Njamena)
Ƙari a kan haka, a ido na dokar can duk abin da ke cikin asusunsa nasa ne, harajinsa ma a kansa yake. Asusun hannun jari da ake kira PEA a Faransa na mazauna ƙasar ne kawai. Ba za a taɓa rubuta sunanki a kai ba.

Baba Mushe (Ngaundere)
Yarana, na karanta duka. Ni tsohon malamin makaranta ne, ban san ETF ba, amma ina da abin faɗa wa Alhaji Sale da masu cewa a bar kuɗi a gida.

A Janairun 1994 ina koyarwa. Muka kwana faran ɗin Faransa ɗaya yana sefa 50, muka tashi yana 100. Shekarar da ta gabata an riga an zaftare mana albashi har sau biyu. Wani abokin aikina ya tara kuɗin babur, saura kaɗan ya cika, ya je kanti ya tarar farashin ya tashi ya bar shi. Kuɗinsa suna nan cif a cikin gwangwani, ba wanda ya taɓa ko dala, amma rabinsu ya tafi. Yau yuro ɗaya yana 655.957, ya daɗe a haka, Allah ya sa ya ɗore. Maƙwabtanmu kuwa kun gani da idonku, naira da take wajen 460 a dala a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, 'yan Mubi da Yola suna zuwa da ita a buhu. Ko ba a karya kuɗi ba, a 2023 kaya sun hau da fiye da kashi 7 a Kamaru. Don haka ina ganin hikima ne mutum ya ajiye wani ɓangare a abin da ba sefa ba. Da wannan hanya tana nan a zamaninmu, da na bi.

Alhaji Sale (Adumri)
Mushe, ranka ya daɗe, ai maganata ka ƙarfafa. A 1994 ɗin wa ya tsira? Mai shanu. Kuɗi ya faɗi, sa ya tashi. Ban ce ta ajiye takarda a gwangwani ba.

Baba Mushe (Ngaundere)
Haka ne Alhaji, mai shanu ya tsira a lokacin. Amma ka fi ni sanin abin da ake ciki a Mayo-Rey da kan iyakar Cadi. Nawa ne suka sayar da garke don fanso ɗa daga hannun masu garkuwa? Dukiyar da ake gani da ido, ɓarawo ma yana ganinta.

Alhaji Sale (Adumri)
Wannan kam gaskiya ne, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Amma rago ɗaya a Yelwa ba garke ba ne a daji. Ina nan a kan bakana.

Aminu (Duwala)
Baba Mushe, ƙaramin gyara don kar Yaya ta ɗauka kariya ce cikakkiya. Sefa da yuro take ɗaure, ba da dala ba. In asusun na kamfanonin Amurka ne kuma dala ta yi sanyi a gaban yuro, za ta ga ajiyarta ta ragu a sefa ko da kasuwar ba ta faɗi ba. Yana tafiya ta kowane gefe.

Ni ra'ayina, kuma na san Baba Alhaji ba zai so ba: asusun indeks ya fi duk abin da ake tallata wa ƙaramin mai ajiya gaskiya, domin bai yi alkawarin komai ba. Amma ba shi ne matakin farko ba ga wadda ba ta da na ko-ta-kwana. Shekarar farko gaba ɗaya ta tafi a tara abin da zai riƙe gida wata uku, a wurin da hannu ba ya kaiwa da sauƙi.

Hajiya Dije (Kusiri)
Nan adashe zai yi mata amfani. Ki shiga na jaka goma mai mutum goma sha biyu, ki roƙi uwar adashe ta ba ki kwasar ƙarshe. Ba riba, amma ba za ki taɓa ba, kuma ranar kwasa 120,000 ne a dunƙule. Kwasar shekarar farko ki ajiye ta gida. Ta biyu da ta uku sai ki yanke shawara, ko ragon Alhaji ko abin Aminu. Kafin nan ma kin ƙara fahimtarsa.

Maman Hanifa (Yelwa, Garwa)
Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, shawararki zan fara bi, akwai wanda za a buɗe a wurin aikinmu farkon wata. Baba Alhaji, gidan haya nake, amma zan yi wa Mama magana ko za ta riƙe mini tunkiya a can gida. Yaya Musa, ranar Litinin ina da hutun safe, zan shiga banki. Me da me zan tambaya don kar a juya ni?

Musa (Njamena)
Ki nemi mai kula da tura kuɗi waje, ba mai karɓar kuɗi a bakin kanta ba. Ki ce kina so ki san jimillar abin da za a cire in kika tura 250,000 zuwa asusun dillalin hannun jari da ke da sunanki a Turai, da takardun da ake bukata, kuma a rubuta miki. Ki tambayi na dawowa ma, domin wata rana kuɗin zai dawo gida. In suka kawo miki FCP ɗinsu, ki karɓi takardar bayaninsa, ki duba ko yana da amincewar COSUMAF, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta CEMAC, ki ɗauki hoton shafin da ya nuna abin da suke saye da kuɗin da ladan shiga da na shekara, ki turo nan Malam da Aminu su duba.

Malam Ibrahim (Domayo, Marwa)
In sha Allahu. Ki turo bayan la'asar, lokacin na tashi daga karatu.